Windows 10 Ta Yi Ritaya: Tsohuwar Kwamfuta Ta Fi Buƙatar Linux Da Windows Ta Sata

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, bayan shekara goma da fitowarta. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. Ɗalibin da ke buga furojet ɗinsa a Kano ya kunna tasa ta kama, mai shagon buga takardu a Zariya ma haka. Shi ya sa mutane da yawa ba su ma san an yi wani abu ba. Amma daga wannan rana, duk wata sabuwar ɓaraka da 'yan kutse suka gano a jikin Windows 10, kamfanin ba zai ƙara aiko wa kowa da kowa abin toshe ta ba kamar yadda ya saba. Mai gadi ya ajiye aiki, ɓarayi kuwa suna nan suna zagaye gidan.

Wannan magana ta fi shafar matashin da ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a Titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Irin kwamfutocin da suka cika waɗannan kasuwanni, kamar HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da Lenovo ThinkPad T460, lafiyarsu ƙalau, kuma suna da ƙarfin yin aikin ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa na wasu shekaru masu zuwa. Matsalarsu ɗaya ce: Microsoft bai sa su cikin waɗanda za su hau Windows 11 ba.

Sharuɗɗan Windows 11 sun haɗa da wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da RAM aƙalla 4GB, da ma'adana mai 64GB, sannan furosesa ta Intel daga zango na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Gane zangon ba shi da wuya. Idan aka ga an rubuta i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zangon, wato na shida. Idan i5-8250U ce, na takwas ke nan, ta tsallake. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya na iya komawa shara saboda wannan sharaɗi. Mai hankali ya san inda da yawa daga cikinsu za su ƙare: a cikin kwantena, a kan hanyar Legas da Tema, da farashin da zai ja hankalin wanda bai san dalilin arahar ba.

Hanyoyin da suka rage

Mai irin wannan kwamfuta yana da zaɓi kaɗan. Zai iya sayen sabuwa, idan aljihu ya yarda. Zai iya shiga shirin ƙarin wa'adin tsaro da Microsoft ya buɗe, ko dai da dala 30 ko ta hanyar haɗa kwamfutar da asusun Microsoft, amma wa'adin da aka sanar wa masu amfanin gida 13 ga Oktoban 2026 ne. Jinkiri ne kawai, ba magani ba. Zai iya sa mai gyara ya cusa mata Windows 11 ta bayan gida, a tsallake sharuɗɗan, sai dai kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alhakin aika wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba. Ko kuma ya yi abin da mafi yawa za su yi: ya yi shiru ya ci gaba da amfani da ita a haka.

Wannan na ƙarshen shi ne mafi haɗari, kuma an taɓa ganin sakamakonsa. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 cikin 'yan kwanaki. Tana kulle fayilolin mutum ta nemi ya biya dala 300 kafin ta buɗe. Har asibitocin gwamnati a Birtaniya sai da ta tsayar wa da aiki. Abin lura shi ne Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. To ina ga kwamfutar da ma ba za a ƙara aiko mata maganin ba?

A nan ne ya kamata a faɗi wata gaskiya da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Windows ɗin da ke kan kwamfutoci da yawa a shagunan gyara ba sayenta aka yi ba. Mai gyara ne ya ɗora ta daga filash ɗinsa, ya ɗora Office da Photoshop da CorelDRAW na sata, sannan ya kashe manhajar kariya don ya samu ya sa wata 'yar manhaja da za ta yaudari Windows ta ɗauka an biya. Wani ma har sabuntawar yake kashewa gaba ɗaya, wai don kada ta cinye data ko ta gano satar. Masu binciken tsaro sun sha kama irin waɗannan manhajojin yaudara ɗauke da ɓarayin kalmomin sirri. Mai kwamfutar kuma a kanta zai shiga imel ɗinsa, da Facebook, da shafin banki, da asusun kirifto. Ya ba wanda bai sani ba makullin ɗakinsa, kuma shi ya biya kuɗin aikin.

Hanya ta biyar ita ce wadda ba a cika ambata a kasuwa ba, domin babu mai cin riba a kanta: a sauke Windows, a ɗora Linux. Ga mafi yawan matasa masu tsohuwar kwamfuta, wannan ita ce shawarar da ta fi dacewa.

Linux ba baƙuwa ba ce

Duk mai riƙe da Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung ya daɗe yana amfani da Linux bai sani ba, domin a kan zuciyarta aka gina Android. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983. Lasisinta ya ba kowa damar ya yi amfani da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Wanda ya kwafa wa abokinsa Linux a filash bai karya dokar kowa ba. Tun daga ƙarshen 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki, kuma kaso mai yawa na manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet ita ce a kansu. Masu cewa araha ba ta ado sai su nemi wani misalin.

Linux iri-iri ce, kamar yadda Android ɗin Tecno ta bambanta da ta Samsung a fuska alhali tushen ɗaya ne. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, ita ce ta fi suna. Amma ga wanda ya taso da Windows, Linux Mint ta fi sauƙin sabo. Maɓallin buɗe manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo yana ƙasa ta dama, manyan fayiloli suna nan yadda aka san su. Linux Mint 22 da ta fito a 2024 za ta ci gaba da samun sabuntawar tsaro har 2029. Tana iya tashi da RAM 2GB, ko da yake 4GB ya fi daɗin aiki, kuma akwai nau'inta mai suna Xfce da aka yi wa kwamfutoci marasa ƙarfi. Kwamfutar da Microsoft ya ce ta tsufa, a nan tana da sauran shekaru cikin kariya, ba tare da an biya ko sisi ba.

Akwai kuma batun data, wanda duk mai jona kwamfuta da wayarsa ya san zafinsa. Windows tana da halin fara sauke sabuntawa a ɓoye da zarar ta ji intanet, sai mutum ya duba ya ga datar mako ta tafi. Linux Mint tana nuna jerin abin da ke jiran sabuntawa da girmansa, mai kwamfutar ne zai zaɓi lokacin saukewa. Zai iya bari sai dare, ko sai ya samu Wi-Fi a makaranta.

Tambayar da ya kamata matashi ya yi wa kansa ita ce: me yake yi da kwamfutar a zahiri? Idan amsar ita ce bincike a intanet, kallon YouTube, rubuta aikin makaranta, cike fom, shiga aji ta Zoom, zane a Canva, da hira a WhatsApp, to kusan duk wannan a cikin burauza ake yinsa, kuma Chrome da Firefox suna aiki a Linux kamar yadda suke yi a ko'ina. Telegram da Zoom da VLC duk suna da nasu na Linux. LibreOffice tana zuwa a ciki tun farko, tana buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint, tana kuma adanawa a tsarinsu. Mai rubutun Hausa zai samu allon rubutu na Hausa a cikin saituna, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa. Manhajoji kuma daga rumbu guda ake sauke su, kamar dai Play Store, ba sai an bi shafukan da ke cike da tallan bogi ba.

Ga mai son koyon rubuta manhaja ko harkar tsaron intanet, ribar ta fi haka. Duk wanda ya yi nisa a wannan fanni sai ya haɗu da Linux, domin a kanta ake ɗora mafi yawan abin da zai gina. Wanda ya saba da ita a kwamfutarsa ta gida ya riga ya gama darasin da wasu za su biya kuɗi su koya.

Waɗanda bai kamata su yi gaggawa ba

Masu son Linux suna da wata ɗabi'a ta nuna kamar babu abin da za a rasa. Akwai. CorelDRAW ba ta aiki a Linux, kuma ita ce sarauniya a shagunan buga katin biki da kalanda da fosta. Akwai Inkscape da GIMP, suna da ƙarfi, amma mai zanen da zai kai aikinsa wurin mai injin bugawa da ba ya karɓar komai sai fayil ɗin Corel zai sha wahala. Photoshop da Premiere da AutoCAD ma babu su. Masu gyaran waya a Farm Centre da makamantanta sun dogara da manhajojin filashin da cire makulli waɗanda akasarinsu don Windows aka yi su. Wasu wasannin intanet masu tsarin hana maguɗi ba sa tashi. Duk wanda abincinsa ya rataya a kan ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya goge Windows saboda wani ya zuga shi. Abin da ya fi masa shi ne ya fara tara kuɗin kwamfutar da za ta hau Windows 11 ta halal, ko ya raba ma'adanarsa biyu, ya riƙa shiga intanet da harkar kuɗi ta ɓangaren Linux, ya bar Windows don aikin da ba ya buƙatar intanet.

Akwai ƙananan matsaloli kuma. Takardar Word mai tebura da ado da yawa takan ɗan karkace idan aka buɗe ta a LibreOffice, don haka mai miƙa furojet gara ya mayar da shi PDF kafin ya kai bugawa. Wasu na'urorin Wi-Fi, musamman na Broadcom, sai an sauke musu direba kafin su kama. Firintocin HP galibi suna aiki da zarar an jona su, amma wasu tsofaffin na Canon suna ba da ciwon kai. A wasu kwamfutocin batir yakan fi saurin ƙarewa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ba ta da tabbas. Babbar matsalar ma ta mutane ce: idan abu ya lalace, mai gyaran unguwa zai iya cewa bai san wannan ba, ya ba da shawarar a mayar da Windows. Mai Linux dole ya koyi neman amsa da kansa, kuma mafi yawan amsoshin da Turanci suke.

Sannan Linux ba laya ba ce. Ba ta hana mutum danna mahaɗin bogi, ba ta hana shi ba ɗan damfara lambar sirrin da banki ya turo masa. Abin da take bayarwa shi ne babbar manhaja ta halal da ake toshe ɓarakarta a kai a kai. Sauran tsaron yana hannun mai ita.

Darasi daga Faransa da Jamus

Manyan hukumomi sun riga sun gwada wannan ƙaura, kuma labarinsu yana da amfani ga mai kwamfuta ɗaya. Rundunar jandarmomin Faransa ba ta fara da cire Windows ba. A 2005 ta sauya manhajar rubutu zuwa OpenOffice, daga baya ta koma Firefox, duk a kan Windows. Sai a 2008 ta fara ɗora nata nau'in Ubuntu, lokacin da ma'aikata sun riga sun saba da manhajojin da za su tarar a can. Dubun-dubatar kwamfutocinta ne suka koma, kuma tsarin ya zauna.

Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bayan shekaru ana ƙorafi kan musayar takardu da wasu hukumomi da kuma manhajojin da ba su da madadi, ga siyasa da ta shiga ciki. Duk da haka maganar ba ta mutu a ƙasar ba. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta sanar da shirin mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice, sannan Linux ta biyo baya. Ita ma da manhajar rubutu ta fara.

Abin da za a ɗauka a nan a fili yake. Wahalar ƙaura ba a babbar manhajar take ba, a ƙananan manhajojin da hannu ya saba da su take. Wanda ya fara sauya su tun yana kan Windows, ranar da ya koma Linux ba zai ji baƙunta ba.

Gani ya kori ji

Abin da ya sa wannan shawara ba ta da haɗari shi ne ana iya ɗanɗana Linux ba tare da an taɓa komai a kwamfutar ba. Matakin farko, mutum ya sauke LibreOffice a kan Windows ɗinsa ya yi mako biyu yana aiki da ita. Idan ta biya masa buƙata, sai ya nemi filash mai 8GB, ya sauke Linux Mint daga shafinta na asali, wanda girmanta ya kai kusan 3GB, ya ɗora ta a filash ɗin da Rufus ko balenaEtcher. Sai ya kashe kwamfutar, ya kunna yana danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce ko Lenovo, ya zaɓi filash ɗin. Linux za ta tashi daga cikinsa, Windows da fayilolinsa suna nan ba abin da ya same su.

A nan ne zai gwada komai: Wi-Fi, sauti, kyamara, Bluetooth, firinta, da jona waya ta kebul. Idan wani abu bai yi ba, ya zare filash ya koma inda yake, bai yi asarar komai ba sai data. Idan komai ya yi, kafin ya danna maɓallin girkawa wajibi ne ya kwashe hotunansa da takardunsa zuwa wani wuri daban, domin zaɓin goge ma'adana yana goge komai ne, ba ya tambaya sau biyu. Mai shakka ya zaɓi a girka ta gefe da Windows, ya riƙa zaɓar wadda zai shiga duk lokacin da ya kunna. Filash guda kuma zai iya yi wa ajin ɗalibai gaba ɗaya, ba sai kowa ya ƙona datarsa ba.

Wani zai ce, to wayar fa? Akwai irin wannan a waya, kamar LineageOS, wadda ke ba tsofaffin wayoyi sabuwar Android bayan kamfaninsu ya manta da su. Amma a nan shawarar ta bambanta. Sai an buɗe makullin wayar, wanda ke goge komai da ke cikinta, kuma manhajojin banki da yawa suna ƙin aiki a wayar da aka yi wa haka. Galibin wayoyin Tecno da Infinix da itel ma ba sa cikin jerin da ake tallafawa a hukumance. Wayar da ake karɓar kuɗi da ita ba wurin gwaji ba ce. Kwamfuta ita ce ke ba da damar gwadawa a janye lafiya.

Akwai kuma kira ga masu gyara da masu sayarwa. Kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi za su ci gaba da shigowa, kuma za su ci gaba da araha. Mai shagon da ya koyi girka Linux Mint, ya iya saita firinta da Wi-Fi a kanta, ya kuma gaya wa mai saye gaskiyar abin da kwamfutar za ta iya da wanda ba za ta iya ba, ya samu sana'ar da maƙwabcinsa ba shi da ita. Ƙungiyoyin ɗaliban kimiyyar kwamfuta a jami'o'i da kwalejoji ma za su iya ware rana guda a zangon karatu, kowa ya zo da kwamfutarsa a gwada masa. Bayanin da ake buƙata da Hausa, a rubuce da kuma a bidiyo, yana jiran wanda zai yi shi.

Matashin da ke da EliteBook ko Latitude ta zango na shida bai yi asarar kuɗinsa ba. Kamfani ɗaya ne ya ce ya gama da ita, kuma ba shi kaɗai ke yin babbar manhaja ba. Kafin ya kai ta a sake ɗora mata Windows ta sata, ko ya sayar da ita a farashin gwangwan, ya nemi filash mai 8GB da yammaci guda, ya gwada.